RANAR DA AKA CIRE DAGA MAKON MAKARANTA

Illela gari ne na bakin iyaka a arewacin Jihar Sakkwato. Tsakaninta da birnin Sakkwato kamar mil 50 ne, in kuwa aka ƙara gaba kaɗan sai Birnin Ƙonni ta ƙasar Nijar. Mutanen garuruwan nan biyu harshensu ɗaya, suna auratayya, suna cin kasuwar juna. Amma tun sa'ad da Ingilishi da Faransai suka shata iyaka, tsakanin 1904 da 1908, kowane gari ya bi tsarin waɗanda suka mallake shi. Sabo da haka yaron da ya tashi a wurin nan ba mako ɗaya ya sani ba. Akwai makon makarantar allo, akwai na boko, akwai na kasuwa, a ƙetaren iyaka kuma ga na lakwal, watau makarantar da aka gada daga Faransa. Kowannensu da ranar aikinsa da ranar hutunsa.

Cikin 'yan shekarun nan waɗansu gwamnatoci a Nijeriya sun rage kwanakin da yara su ke zuwa firamare, daga biyar zuwa huɗu, wani wuri ma zuwa uku. Maganar nan ta shafi duk mai ɗa ko jika a makaranta, ta kuma shafi malamai da sauran masu cin abinci a gindinta. Ba yau aka fara taɓa kwanakin karatu ba, don haka ya kamata a bi labarin tun daga tushe, a ga abin da ya sami waɗanda suka riga suka gwada.

Makon makarantar allo

Tun kafin Turawa su ci Sakkwato cikin 1903, makarantar allo tana da makonta tsayayye. A kan fara karatu ran Asabar, a yi ta yi har Laraba, sa'an nan a huta Alhamis da Juma'a. Malamai sun ruwaito cewa asalin hutun nan daga zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ne, wanda ya yi halifanci daga 634 zuwa 644. Sun ce da ya komo daga ƙasar Sham yaran Madina suka fita taryensa, suka yi tafiya mai nisa, suka dawo a gajiye, shi kuwa ya yafe musu karatun kwanakin nan, abin ya zama al'ada har wa yau.

Hutun nan an san abin da a ke yi da shi. Ran Laraba kowane yaro ya kan kawo wa malam ɗan abin da iyaye suka ba shi, shi a ke kira kuɗin Laraba. Alhamis almajiri ya wanke tufafinsa, ya yi aski, ya nemi abin sayen tawada da sabulu, manya daga cikinsu su yi ɗinkin hula ko ƙwadago. Malam kuma ya leƙa gonarsa, ya gai da marasa lafiya, ya je ɗaukar karatu wurin wanda ya fi shi. Juma'a kowa ya tafi masallaci. Uwar yaro ta san ranakun nan tun tana ƙarama, ta riga ta shirya musu aiki. Ba wanda hutun ya zo wa ba zato.

Zuwan boko

Wajen 1905 Razdan Burdon ya buɗe 'yar makaranta a Sakkwato domin 'ya'yan sarakuna. Cikin 1909 Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe tasa a Nasarawa ta Kano, daga nan fa makarantun elementare na En'e suka yi ta yaɗuwa cikin gundumomi. Turawa sun zo da nasu mako, wanda Lahadi ce ranar hutunsa. Amma sun tarar da jama'a ba za su ba da 'ya'yansu ba in za a hana su masallaci, sai aka girmama Juma'a, ba a tsare yaro a aji lokacin salla. A hankali mako ya zauna bisa kwana biyar, Litinin zuwa Juma'a, Juma'ar kuwa gajeriya, a tashi kafin azahar.

A zamanin En'e yaran da ke makaranta kaɗan ne, sau da yawa ma sai hakimi da dagatai sun matsa kafin aji ya cika. Abin ya sake cikin 1976, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. Ran 30 ga Satumba 1999 kuma, a birnin Sakkwato, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da sabon shirin ilmin tushe, aka yi masa doka cikin 2004, wadda ta ce wajibi ne kowane yaro ya yi karatun shekara tara kyauta. Tun daga nan makon makaranta ya zama makon gidaje da yawa. Da shi a ke auna lokacin dama koko, da lokacin aike, da lokacin ɗora tukunyar rana.

Illela ta yi dace da abu guda. Babbar kasuwarta, wadda a ke kawo wa shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar, ran Lahadi ta ke ci, ranar da ba boko. Garuruwan da kasuwarsu ta faɗo tsakiyar mako sun san yadda rajistar aji ta kan rame a wannan rana.

Abin da ya faru a Faransa

Ƙasar da ta yi ta jujjuya makon firamare ita ce Faransa, wadda makarantun Ƙonni da Maraɗi suka gaji tsarinta. Cikin 1882 aka yi doka a zamanin wani minista, Jules Ferry, aka fitar da koyarwar addini daga makarantun Gwamnati. Amma dokar ta ce a bar wa yara rana ɗaya a mako, ban da Lahadi, domin iyayen da su ke so su kai su koyon addini. Alhamis aka zaɓa. Mai karatu ya lura, su ma waɗannan da suka cire ranar sun faɗi inda yaro zai tafi.

Cikin 1969 aka daina karatun yammacin Asabar. Cikin 1972 aka mai da hutun tsakiyar mako daga Alhamis zuwa Laraba. Cikin 2008 aka soke safiyar Asabar ita ma, mako ya koma kwana huɗu, sa'a 24, watau sa'a shida kowace rana. Yaran ƙasar suka zama kwana 144 kaɗai su ke shiga aji a shekara, amma kowace rana doguwa. Ba a daɗe ba likitoci suka yi magana. Cikin 2010 babbar majalisar likitocin ƙasar ta ce tsarin yana gajiyar da yara, ranar ta yi musu tsawo, ran Litinin kuma su kan dawo hankalinsu a warwatse.

Sai Gwamnati ta komo da safiyar Laraba cikin 2013, ta rage tsawon sauran ranakun. Nan ma ba a zauna lafiya ba. Malamai suka yi yajin aiki a Faris, hukumomin garuruwa suka yi kukan kuɗin ɗaukar masu kula da yara in an tashi da wuri. Cikin 2017 aka bar wa kowane gari zaɓi, yawancinsu suka koma kwana huɗu. Wani abu kuma ya fito fili cikin wannan kai da kawo. Mata masu ƙananan yara da yawa ba su zuwa aiki ran Laraba, sun yarda a rage musu albashi don su zauna da 'ya'yansu. Da aka buɗe makaranta safiyar Laraba, waɗansunsu suka koma aiki a ranar. Ashe hutun da aka ba yaro, uwarsa ce ta ke biya.

A Amurka ma akwai makarantun ƙauye masu yawa da suka koma kwana huɗu, da fari don rage kuɗin mai na motocin ɗaukar yara, daga baya don su jawo malamai. Malamai da iyaye da yawa sun so abin. Amma binciken da aka yi a Jihar Oregon ya nuna inda sa'o'in karatu suka ragu, lissafi da karatun yara su ma sun ɗan ja baya.

Jihar Kaduna

A ƙasar Hausa, Jihar Kaduna ce ta gwada. Cikin 2020 annobar korona ta sa an rufe makarantu wata da watanni, ma'aikata da yawa kuma suka yi aiki daga gida. Ƙarshen Nuwamba 2021 Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ba da sanarwa cewa daga 1 ga Disamba za a fara komawa aikin kwana huɗu. Aka ƙara wa ma'aikata sa'a ɗaya, su shiga ofis ƙarfe 8 su tashi ƙarfe 5, ran Juma'a kuwa su yi aiki daga gida. Dalilin da aka bayar shi ne aiki zai fi auki, ma'aikaci ya sami lokacin iyalinsa da hutawa da noma.

Da fari an ware makarantu da asibitoci. Amma da za a koma zango na biyu, ran 10 ga Janairu 2022, Kwamishinar Ilmi, Halima Lawal, ta ce makarantun Gwamnati su ma su koma kwana huɗu, za a kuwa gyara jadawali yadda za a gama manhaja. Sanarwar makarantun Gwamnati ta shafa. Sabo da haka a Zariya da Kaduna da Kafanchan sai a ga yara biyu maƙwabta ran Juma'a da safe, ɗaya ya sa rigar makarantar kuɗi ya wuce, ɗaya yana zaune a dakali.

Akwai wani abu da ya sa Juma'ar nan ta fi zama fanko a gari irin Zariya. Makarantar allo ta riga ta yi hutunta Alhamis da Juma'a. Da boko ta rufe ita ma, sai ƙofa biyu suka rufe wa yaro rana ɗaya.

Cikin 2023 maganar ta sake tashi ta wata hanya. Ran 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. Jihar Kwara da Jihar Edo suka ce ma'aikata su riƙa zuwa ofis kwana uku. Edo ta kai abin har makarantu, aka ce sauran kwanakin yara su yi karatu a gida. Wannan ragi ba don yaro ya huta aka yi shi ba, kuɗin mota ne ya gagara.

Lissafin kwanakin

Rana ɗaya a mako ba ta da yawa a baki, amma a sa ta a takarda a gani. A ɗauka shekarar makaranta zango uku ce, kowane zango mako 13, ya zama mako 39. In an cire rana guda kowane mako, kwana 39 ke nan a shekara. Firamare shekara shida ce, 39 sau 6 ya ba da kwana 234. Shekarar makaranta mai kwana biyar a mako kuwa kwana 195 ce. Watau yaron da ya yi firamarensa duka bisa kwana huɗu, in ba a rama masa ba, ya yi hasarar abin da ya fi shekara guda ta kwanakin zuwa makaranta.

Masu goyon bayan tsarin suna da amsa, ba kuwa ta banza ba ce. Sun ce Juma'a da ma rabin rana ce, kamar sa'a huɗu. A raba sa'a huɗun nan, a ƙara wa Litinin da Talata da Laraba da Alhamis ɗaya ɗaya, lissafi ya daidaita. A bisa takarda haka ne. Amma sa'ar safe da sa'ar azahar ba ɗaya su ke ba. Yaro ɗan shekara bakwai da ya fito da kokon safe, in ya kai ƙarfe biyu, yunwa da barci ne a kansa. A Illela, watan Afrilu da Mayu, zafi ya kan wuce awo 40, ga rufin kwano, ga aji cike. Abin da malam ya koyar a wannan lokaci kaɗan ne ya ke zama. Ban da haka kuma yaran gari da yawa suna da Islamiyya da la'asar. In an tsawaita boko, lokacin cin abinci da ɗan hutun da ke tsakanin makarantun biyu shi aka cinye.

Sa'an nan hutun kwana uku a jere, Juma'a da Asabar da Lahadi, yana da nasa lahani ga mai koyon baƙi da wasali. Duk wanda ya yi ajin Yaƙi da Jahilci ya san yadda harafin da aka koya jiya ya kan gudu in an kwana biyu ba a duba shi ba.

Abin da ya ke samun gida

Gidajen ba ɗaya su ke ba, don haka ranar ba ta faɗo musu daidai. Gidan da uba ma'aikacin Gwamnati ne, shi ma yana gida ran nan, yana iya zama da ɗansa ya ji karatunsa. Mai hali ya ɗauki malamin da zai zo gida, ko ya mai da yaron makarantar kuɗi. Amma manomi da ɗan kasuwa da direba da mai ɗinki ba wanda ya ba su hutu. Su kan fita da safe kamar kullum, yara su rage hannun uwa, ita kuwa ga daka, ga girki, ga goyo, ga 'yar sana'arta ta cikin gida.

To, yaron da ba shi da abin yi ba ya daɗewa bai sami mai sa shi aiki ba. Yarinya a ɗora mata tallan ƙosai ko fura, namiji a tura shi kiwo ko ɗiban ruwa ko tasha. Aikin gida ba laifi ba ne, da shi aka reni kowa. Abin tsoro shi ne kuɗin da yaro ya fara kawowa. In uwa ta saba da cinikin Juma'a, ba wuya ta ce a ƙara da Alhamis, tun da ba mai tambaya. Ta haka ne sunan yarinya ya kan zauna cikin rajista alhali kuwa ita ta daɗe da barin aji. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, kasuwa ma ta san wannan.

Karatu daga gida da a ke faɗi, ta rediyo ko ta waya, sai gidan da ke da wayar, da kuɗin sa mata kati, da wanda ya iya karatu zai zauna kusa da yaron. A kan wannan masu takardar Yaƙi da Jahilci sun fi maƙwabtansu, gama suna iya buɗe littafin yaro su gane inda ya tsaya.

Abin da ya ke samun malamai

Malami shi ne ya fara ganin amfanin abin, ba kuwa abin zargi ba ne. Wanda ya ke hawa babur ko mota zuwa makarantar ƙauye ya tsira da kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin hanya. Da damina ya sami ranar noma, da rani ya leƙa fadama. Malama mai goyo ta sami ranar wanki da ta asibiti. Mai neman ƙarin ilmi ya sami lokacin littafi.

Amma manhaja ba ta ragu ba, jarrabawar shiga sakandare kuma ba ta san wanda ya yi kwana huɗu da wanda ya yi biyar ba. Dole malam ya yi sauri, in kuwa ya yi sauri yaran bayan aji su a ke bari. Littattafan da zai duba suna nan yadda su ke, sai ya kwashe su zuwa gida, ranar hutun ta zama ranar jan biro. Hedimasta shi ke shan wuyar jadawali, ya rasa inda zai sa wasanni da aikin hannu da tsabtace makaranta, yawanci kuwa su a ke fara zubarwa. In sakamako ya lalace a ƙarshen shekara, ba a tuna wanda ya yanke mako, malam a ke kama.

Akwai kuma waɗanda ba su cikin takardar albashi. Matan da ke sayar da abinci a bakin makaranta lokacin tara, da masu kabu-kabu da ke kai yara, da mai 'yar tireda ta fensir da littafi, duk cinikin rana guda ya fita daga makonsu, ba kuwa wanda zai ƙara musu sa'a ran Litinin.

Abin lura ga mutanen kan iyaka

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsadar mai da ƙarancin malamai da rashin kwanciyar hankali a ƙauyuka ba baƙin abubuwa ba ne a gabashin Sakkwato, su ne kuwa irin dalilan da kan sa hukuma ta yi tunanin rage kwanaki. Garin kan iyaka kuma ya fi sauran garuruwa abin jan yaro. Ga tasha, ga kara, ga masu dakon kaya, ga lambunan albasa wajen Kalmalo, ko'ina yaro mai wayo zai sami na kashewa kafin azahar.

Har ma akwai ragin da ba a yin sanarwarsa. Malamin da ke zaune a birni, ya zo Talata ya koma Alhamis, ya rage mako. Uban da ya ɗauke ɗansa ranar kasuwar Ƙonni, ko lokacin shuka da girbi, shi ma ya rage. Wannan ragin ya fi na Gwamnati ɓarna, domin ba mai lissafinsa balle a rama.

Tarihin nan ya nuna ranar da aka cire daga makaranta ba ta ɓacewa, hannun wani ta ke faɗawa. Hutun makarantar allo ya yi ƙarni da ƙarni ba a yi kuka da shi ba, sabo da an san aikin da ya ke yi wa malam da almajiri. Na Faransa kuwa tun 2008 an jujjuya shi sau uku cikin shekara goma. Don haka duk ran da aka kawo wa iyaye wannan magana, ko a taron iyaye da malamai ko a ƙofar hakimi, akwai tambayoyin da ya kamata su yi kafin su ce to. Sa'a nawa za a cire, yaushe kuma za a rama su? Wa zai riƙe yaran a ranar, a ina? Yaran makarantar kuɗi su ma za su zauna gida? Bayan shekara guda wa zai auna karatun yara ya faɗa wa jama'a abin da ya gani? In an sami amsa mai gamsarwa, ba laifi a gwada. In ba a samu ba, gara a gyara biyar ɗin da ke hannu, malam ya zo a kan lokaci, uba ya saki ɗansa, a biya albashi ran da ya kamata.

Allah ya shirya zuriya, ya sa abin da su ke koyo ya amfane su da iyayensu, amin.